Dole ne sai na yi magana kamar Bature kafin a ce na iya Turanci?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni, don Allah kar a mayar da ita abin dariya. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Kano, ina shirin zana IELTS, jarrabawar gwajin iya Turanci, bayan sallah, don ina son zuwa aiki Ingila. Karatu da rubutu da sauƙi, don tun a sakandare na samu kiredit a Turanci. Baki ne ya ƙi. In zan ce patient sai a ji "fatient", in zan ce fever sai ta koma "piba". Wata ƙawata ta ce in sayi ƙamus in riƙa haddace kalma ashirin kullum. Wani ya ce in haddace idioms, wato salon magana irin na Turanci, guda ɗari biyu, wai masu jarrabawa na son su. Wani kuma ya ce in biya kuɗi a koya mini magana irin ta mutanen Landan. Kuɗin jarrabawar kaɗai ya ishe ni ciwon kai. Wanne zan kama?

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam. Hajiya, ni iyakata aji uku na sakandare, amma da "fiful" ɗin nan nawa nake zuwa China in saro kaya in dawo. Su ma can ba iya Turancin suka yi ba. In na ce "pipty" mutum bai gane ba, sai in danna masa a kalkuleta, ciniki ya faɗa. Ki saki bakinki kawai. Masu dariyar ba su za su biya miki kuɗin jarrabawa ba.

Baba Mai Ritaya: Alhaji, naka ciniki ne, kalkuleta tana raba gardama. Ita wannan yarinya da rayukan mutane take aiki. In likita ya ce fifteen ta ji fifty, babu kalkuletar da za ta cece ta.

'Yata, ki kama furuci, kuma ki kama na asali. Ni a aji na tsufa ina koyar da Turanci a Zariya, na san abin da nake faɗa. Mutanenmu na farko da suka shiga Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, zaunar da su aka yi aka gyara musu harshe sauti bayan sauti. Ki nemi jawabin da marigayi Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi a Majalisar Ɗinkin Duniya a Oktoban 1960, ko wanda ya yi a majalisar Amurka a 1961, ki saurara da kyau. Ba a banza aka kira shi mai muryar zinare ba. Mutumin Bauchi ne fa, ba a Ingila aka yanke masa cibiya ba. Lalaci ne kawai ya shigo mana daga baya, muka raɗa masa suna "Turancin Najeriya".

Yaron Gwale: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ba lalaci ba ne fa. A Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, har da Kannywood da okada da danfo da next tomorrow. Daga baya ma an ƙara wasu, suya da japa suna ciki. In masu harshen sun karɓa, mu wa ya aike mu mu ƙi?

Baba Mai Ritaya: Yaro, je ka rubuta next tomorrow a takardar jarrabawa, ka dawo ka ba mu labari.

Malamar Harshe: Baba, barka da warhaka. Na yarda da rabin maganarka, kuma rabin mai nauyi ne: batun fifteen da fifty. Amma abu biyu ake haɗawa a nan. Akwai a gane ka, akwai ka yi kama da Bature. Na farkon wajibi ne. Na biyun ado ne, kuma ado mai tsada ga wadda saura mata 'yan watanni.

Maman Ilham, sashen magana na IELTS hira ce ta minti 11 zuwa 14 da mutum ɗaya. Abu huɗu yake aunawa, kowanne kashi ɗaya bisa huɗu na maki: yadda magana ke gudana a bakinki ba tare da inda-inda ba, yalwar kalmominki, nahawu, sai furuci. A ɓangaren furucin ba ya neman lafazin Landan, yana duba ko ana fahimtarki ba tare da wahala ba. Kin ga ke nan ko da kin biya an koya miki lanƙwasa harshe, kashi uku na makin suna wani wuri daban.

Wata masaniya 'yar Ingila, Jennifer Jenkins, ta yi nazari kan abin da ke sa mutane masu harsuna daban-daban su kasa fahimtar juna in suna Turanci, ta fitar da sakamakon a shekarar 2000. Ta ga cewa sautin th bai cika kawo matsala ba. Abin da ke kawo ta shi ne musanya baƙaƙe irin su p da f, rashin bambanta dogon wasali da gajere, da dannawa a inda ba nan ya kamata a danna ba cikin jimla. Abin takaici, na farkon shi ne ainihin ciwonmu. A Hausa babu p a matsayin sauti mai zaman kansa, kuma f ɗinmu da leɓɓa biyu muke yin sa, kamar mai hura wuta. To wannan sauti yana tsakiyar p da f na Turanci ne, shi ya sa kunnen baƙo wani lokaci ya ji shi p, wani lokaci f. Ba wai muna juya su da gangan ba ne, sauti ɗaya muke ba su duka biyun.

Shi kuma Yaron Gwale, ƙamus ba alƙali ba ne, marubucin abin da mutane ke faɗa ne. Kalmomin nan an sa musu alamar cewa na Najeriya ne. A Legas su yi maka aiki, a Glasgow sai ka yi bayani.

Malam Mai Tajwidi: Salamu alaikum. Ni ba malamin Turanci ba ne, amma tun ɗazu nake karanta maganar Malama ina murmushi, domin wannan ciwon kullum shi muke jinya a Islamiyya. Yaro ya zo yana karanta Fatiha da "fa" ta leɓɓa biyu, sai mu ce masa a'a, mafitar wannan harafi ita ce cikin leɓen ƙasa tare da kan haƙoran gaba na sama. Wannan "fa" ta tajwidi, in kunnena bai yaudare ni ba, ita ce f ta Turawa.

Haka th ɗin da ake ta jin tsoro. Wanda yake cikin think ai ث ce, wanda yake cikin this kuma ذ ce. Kan harshe ya taɓa kan haƙoran sama, iska ta fita. Duk wanda malaminsa ya hana shi cewa "allazina" da z zalla, ya riga ya iya this da that, bai dai sani ba ne. Ina mamakin mutum ya karanta Suratul Kausar da ث tsaf a sallar asuba, da hantsi ya je ofis ya ce "sank you".

Maman Ilham: Ikon Allah! Malam, wallahi yanzu na gwada. Na ce fever da "fa" ta karatu, ta fita. Ban taɓa haɗa su a raina ba, kullum ina ɗaukar karatu daban, boko daban. To p fa? Ai babu ita a Larabci.

Malam Mai Tajwidi: Nan kam iyakata, Hajiya. Larabawa su ma "Bebsi" suke cewa. Sai Malama.

Malamar Harshe: Malam, Allah ya ƙara ilimi, ka rage mini aiki. In an samu f ta haƙori, an samu v kyauta: baki a wuri ɗaya, sai dai ki kunna murya. Ɗora yatsa a maƙogwaro, a f ba za ki ji komai ba, a v za ki ji yana rawa. Yana da kyau ki gyara wannan tun yanzu, don a aikinku vowel da bowel ba abu ɗaya ba ne.

Ita p, rufe leɓɓa za ki yi ruf kamar za ki ce b, ki tara iska, ki sake ta da ƙarfi ba murya. Ki riƙe 'yar takarda a gaban baki. In kin ce pan takardar ta yi tsalle sau ɗaya, in kin ce fan ta karkata a hankali. Kar ki yi ta maimaita harafin shi kaɗai, ki yi da kalmomi biyu-biyu daga cikin aikinki: pill da fill, paint da faint, past da fast, cup da cuff. Sannan ki ɗauki muryarki a waya ki saurara washegari, ba nan take ba, don nan take kunne yana jin abin da kika yi niyya ne, ba abin da kika faɗa ba.

Wajen wasali kuma muna da gata da ba mu san muna da shi ba. Bahaushe bai taɓa rikita gari na zama da gari na tuwo ba, alhali rubutunsu ɗaya, tsawon wasali da karin sauti ne suka raba su. Wannan kunnen shi za ki kai kan ship da sheep, fill da feel, full da fool. A Turanci ba tsawo kaɗai ba ne, yanayin bakin ma yana ɗan sauyawa, amma in kin riƙe tsawon kin yi nisa.

Abin da ya fi ba mu wuya, kuma ba a cika maganarsa ba, shi ne dannawa. Hausa harshen karin sauti ne, kowace gaɓa muna ba ta haƙƙinta cikakke. Turanci kuwa gaɓa ɗaya ake dannawa a kalma, sauran a murƙushe su. Bambancin fifTEEN da FIFty ke nan. Mu kan ce commitTEE, su comMITtee suke cewa. Mu kan ce chalLENGE, su CHALlenge. Bature zai yafe miki "zis", amma in kika danna gaɓar da ba ita ba, sai ki ga ya yi tsuru kamar bai taɓa jin kalmar ba. Sai kuma ɗabi'armu ta cusa wasali tsakanin baƙaƙe, wadda ta ba mu burodi da birki da sukudireba. A Hausa daidai ne, a Turanci sai a kula, kar spray ta koma "sifire".

Yaron Gwale: Hhhh Malama, ni duk wannan ban taɓa jin sa a makaranta ba, kuma na ci Test of Orals.

Malamar Harshe: Za ka ci mana. Takarda ta uku ce ta WAEC, tambaya 60 na canki-canka, ana gwada furuci da fensir. Yaro ya san alamar sautin a rubuce, ya cike ɗigon da ya dace, bai buɗe baki ba ko sau ɗaya.

Baba Mai Ritaya: A nan kam ba ni da ja. Mu a zamaninmu tashi ake sa ka ka karanta da ƙarfi a gaban aji, malami na tsaye a kanka. Yanzu aji ɗaya ya fi ɗari, wa zai saurari wa? Amma Malama, kar ki raina alamomin nan. Wanda ya san su, ya buɗe ƙamus ya ga yadda ake faɗin kalma ko babu Bature a garinsu. Turanci harafi 26 ne da shi, sauti kuwa wajen 44. Rubutun ba ya gaya maka gaskiya. Wa zai ce maka babu b a debt da plumber, babu p a receipt, babu w a sword, babu d ta farko a Wednesday, in ba ƙamus ba?

Antin Manchester: Assalamu alaikum. Yanzu na tashi daga aikin dare na ga saƙonni sun taru. Baba, ina gaisuwa. Ƙanwata Maman Ilham, ni na bi hanyar da kike shirin bi, bari in gaya miki abin da ke nan.

Hukumar NMC da ke yi wa ma'aikatan jinya rajista a nan Ingila tana neman maki 7 a magana da sauraro da karatu, 6.5 a rubutu. Tana kuma karɓar wata jarrabawar Turanci mai suna OET, wadda aka tsara don ma'aikatan lafiya, inda hirar take tsakanin ki da "majinyaci". Ki duba ta kafin ki biya kuɗi, wasu ta fi musu sauƙi saboda kalmomin na aikinmu ne.

Maganar lafazin Landan kuwa, Baba ka yi haƙuri, Turancin da kake nufi a rediyo kaɗai nake jin sa. A ɗakin da nake aiki akwai 'yan Indiya, 'yan Filifin, 'yan Zimbabwe, 'yan Ghana, kowa da nasa bakin, kuma aiki na tafiya. Su kansu 'yan garin bus "bus" suke cewa da u irin tamu. Matasansu da yawa think "fink" suke cewa. Abincin rana dinner, na dare tea. Matsalata ta farko ba su gane ni ba ce, ni in gane su ce. Tsohuwa ta ce mini tana son ta spend a penny, ashe bayan gida take nufi. Wani ya ce yana jin pins and needles a ƙafa, wato ƙafar ta yi masa jijjiga kamar ana tsira masa allura. Poorly, off my food, under the weather, waɗannan su ne maganar marasa lafiya.

Don haka wanda ya ce ki haddace idioms ɗari biyu, ki tambaye shi waɗanne. In irin raining cats and dogs ne, garin nan kusan kullum ruwa ake yi, ban taɓa jin wani ya faɗe ta ba. Abin da ake faɗa dare da rana su ne ƙananan nan masu kama da ba komai: throw up, come round, pass out, pass away, put off, put up with, come down with. Kowace kalma a cikinsu ɗan firamare ya san ta, amma in sun haɗu sai ma'ana ta tafi wani gari. Ki duba pass out da pass away, ɗaya suma ɗaya mutuwa. Ki yi tunanin ki musanya su a gaban dangin majinyaci.

Ɗan Kwari: Innalillahi! Anti, wannan kam kalkuleta ba ta gyara shi. Baba, na janye rabin maganata.

Antin Manchester: Akwai kuma namu da muke ɗaukowa daga Hausa. Sannu ba ta da 'yar'uwa a Turanci. Mutum ya yi tuntuɓe ka ce masa sorry, sai ya juyo ya ce ai ba laifinka ba ne. Ka wuce mai shara ka ce well done, da nufin sannu da aiki, sai ya ɗauka kana yaba masa kamar yaro. Ka ce I am coming alhali kana fita, sai su tsaya suna kallon ƙofa. Ni ba na jin kunyar waɗannan, tarbiyyarmu ce ta biyo mu. Sai dai ka san inda za ka ajiye su.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Ku kuna kuka da abu guda, mu nan biyu muke ɗauke da su. Mu lakwal da Faransanci muka yi ta, Ingilishi sai a kwaleji, awa kaɗan a sati. Yanzu kuwa tun da aka fitar da sabon kundin tafiyar da mulkin Nijar a watan Maris na 2025, Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, matasa sun tashi haiƙan wajen koyon Ingilishi. Ni kaina don fatauci zuwa Kano da Dubai nake koyo.

Abin da ke ba ni mamaki, in ina karatu kalmomi da yawa na san su: nation, information, important, hospital. Amma in na faɗe su sai Faransanci ya fito. Wasu kuma mayaudara ne. Actually ba actuellement ba ce, library ba librairie ba ce, can kantin littattafai ne, nan wurin karatu. Mi ya kawo wanga kama, Malama?

Malamar Harshe: Yaƙi ne ya kawo ta, ɗan'uwa. A 1066 Normawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila, fada da kotu suka koma Faransanci na tsawon ƙarnoni. Shi ya sa Turanci ke da kalma biyu ga abu ɗaya sau da yawa, ta talakawa da ta fada: ask da demand, begin da commence, cow a garke amma beef a faranti. Rikicin rubutun da Baba ya ambata shi ma tarihi ne. William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Westminster a 1476, rubutu ya fara daskarewa, alhali furucin wasula yana tsakiyar sauyawa. Sannan wasu masana suka cusa haruffa don kalma ta yi kama da asalinta na Latin, b ta debt daga nan ta fito. Kai ribarka ita ce manyan kalmomin karatu sun zo maka a arha. Aikinka yana kan dannawa, domin Faransanci ƙarshen kalma yake ba nauyi, sai kuma h, wadda Faransawa ke haɗiyewa. Amma kai Bahaushe ne, h ba baƙuwarka ba ce, mutanen da ke cewa "tahi" ba za su rasa ta ba.

Ɗan Maraɗi: Hhhh gaskiya ne, h kam muna da ita har ta yi yawa. Na gode Malama.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai. Saura batun kalma ashirin kullum. In bar shi?

Malamar Harshe: Ki bar na bin ƙamus daga A. Kalmomi ba darajarsu ɗaya ba. Tun 1953 Michael West ya fitar da jerin kalmomi wajen 2,000 da suka fi yawo a Turanci, kuma su ne ke ɗauke da mafi yawan duk abin da za ki karanta ko ki ji. Paul Nation na Jami'ar Victoria da ke Wellington ya ƙiyasta cewa mai son karanta jarida ko littafin labari ba tare da ƙamus ba yana buƙatar iyalan kalmomi (wato kalma tare da waɗanda aka tsirar daga gare ta) 8,000 zuwa 9,000, mai son bin hira kuma 6,000 zuwa 7,000. Don karatun jami'a da jarrabawa irin taki, akwai jerin da Averil Coxhead ta fitar a 2000, iyalan kalmomi 570, kyauta yake a intanet.

Amma ni a ganina ke ba ƙarancin kalmomi ne ciwonki ba. Wadda ta yi makarantar jinya da Turanci ta san dubbai. Sanin ido ne, ba su sauko baki ba. Kuma ba ki san abokan tafiyarsu ba. Mu "yi" ɗaya gare mu, su make da do: make a mistake, do the work. "Ji" ɗaya gare mu, su hear, feel, smell, taste, understand, shi ya sa ɗalibi zai ce I am hearing smell. "Sha" ta ishe mu ruwa da magani da taba da wahala, su drink, take, smoke, suffer. "Ara" ita ke haifar da borrow me your pen. Don haka kar ki rubuta kalma ita kaɗai a littafinki. Ki rubuta ta da 'yan rakiyarta, cikin jimlar da ke da kanki za ki iya faɗa gobe a wurin aiki, kuma ki saurari furucinta kafin ki fara maimaitawa. Biyar a haka sun fi ashirin tsirara.

Malam Mai Tajwidi: Kuma a riƙa komawa baya. Mai hadda ya sani, ƙari ba shi ne wuya ba, muraja'a ce. Wanda ke ƙara shafi kullum ba ya tilawar na baya, wata uku sai ya tarar da allo fari a kansa.

Malamar Harshe: Haka ne, Malam. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya auna wannan tun 1885, ya ga mafi yawan mantuwa a farko-farko take faruwa, kuma bita da tazara ita ke rage ta. Akwai manhaja mai suna Anki da ke yin wannan lissafin, ta dawo miki da kalma daidai lokacin da take shirin kufcewa. In babu data, katunan takarda ma sun isa.

Yaron Gwale: To ni tambayata, manyan kalmomi fa? A makaranta wanda ke fasa dogon Turanci shi ake tafa wa. Akwai wani tsohon ɗan majalisa da in ya yi magana sai an nemo ƙamus, kuma kowa na cewa ya iya.

Antin Manchester: Ƙanena, a nan babban likita mai furfura zai zo ya ce wa majinyaci we'll sort it out, shi ke nan. In ka ga takarda cike da manyan kalmomi, galibi baƙo ne ya rubuta.

Baba Mai Ritaya: Wannan na yarda. Ku koma ku saurari jawaban da na ambata, kalmominsa masu sauƙi ne, natsuwa ce da tsabtar furuci suka ɗaga su. Amma ban sauka daga matsayina ba gaba ɗaya. Ko ba za ka zama Bature ba, dole ka sami murya ɗaya da kake kwaikwayo. Yaran yanzu safe fim ɗin Amurka, rana TikTok, dare waƙar Legas, bakinsu ya zama kasuwa. Mutum ya ce "skejul" a jimla ɗaya, "shedyul" a ta gaba, ya rubuta color a sama, colour a ƙasa. Ki zaɓi ɗaya, 'yata, tunda Ingila kika nufa ki bi nasu.

Malamar Harshe: A kan wannan mun haɗu, Baba. IELTS tana karɓar rubutun Amurka da na Ingila duka, amma a tsaya kan ɗaya ya fi. Shirin 6 Minute English na BBC ya dace, gajere ne kuma yana da rubutaccen abin da aka faɗa. Ki saurara sau ɗaya ba takarda, ki sake da takarda, sannan ki bi bayan mai maganar jimla-jimla kina kwaikwayon hawa da saukar muryarsa. Amma sashen sauraro na jarrabawar yana kawo muryoyin Ostireliya da Amurka da sauransu, don haka baki ya bi ɗaya, kunne ya yi yawo.

Ɗan Kwari: Ni fa duk kun tayar mini da sha'awa. Akwai wani Ba'indiye da muke waya, kullum sai yarona ya karɓa ya yi mana tafinta, kuma ban san abin da yake ragewa a tsakani ba. In za a buɗe aji, a sa sunana. Amma a yi mini alƙawari ba za a tura muryata wani zauren ba.

Shugaban Zaure: Alhaji, wannan doka ce, duk wanda ya fitar da muryar wani za a cire shi. Ga abin da nake gani in kun yarda: ranar Asabar bayan isha'i, kowa ya turo saƙon murya na minti biyu kan batu ɗaya, kamar yadda ake yi a kashi na biyu na sashen magana na jarrabawar. Malama da Baba su saurara su yi gyara. Mata da suka fi son a yi musu gyara a keɓe sai su tura wa Malama ko Anti kai tsaye.

Baba Mai Ritaya: Na yarda, da sharaɗi. Gyara biyu kacal ga kowane mutum a mako. In ka jera wa ɗalibi goma, mako mai zuwa ba za ka gan shi ba.

Ɗan Maraɗi: Agogonmu ɗaya da naku, ba matsala. A dai yi haƙuri da mu in rezo ta ɗauke.

Antin Manchester: Ni Asabar ɗin nan ina aikin dare, sai Lahadi da rana zan saurari nawa kason. Shugaba, a faɗi batun tun yau don mutane su shirya. Kuma kar a rubuta a karanta, ana ganewa. Minti ɗaya na tunani, 'yan kalmomi a takarda, sai a danna.

Shugaban Zaure: Batun wannan mako: ka bayyana wata kasuwa da ka sani, me ake sayarwa, yaushe take ci, me ya sa kake zuwa. Malama, a ba mu kalmomin gwaji.

Malamar Harshe: Kowa ya tabbata price da profit da fifty da fifteen da vegetables sun shiga maganarsa. Ta ƙarshen gaɓa uku ce a bakin yawancinsu, ba huɗu ba, ku nemo ta ku saurara kafin Asabar.